Sajan Mai Neman Shaida

A bakin titin Tudun Wada, inda wata mota ta banke mai awara ta gudu, wani ɗan sanda yana tsaye da ƙaramin littafi a hannu. Bahijja tana kallonsa daga shagon ɗinkinsu. Dattijo ne, kakinsa ya koɗe amma ya sha guga. Furfura ta cim masa bai wuce sajan ba, wataƙila don bai iya miƙa hannu ba.

Yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, har da rusunawa.

"Alhaji, don Allah lambar motar kawai. Matar tana asibiti, ba ta san inda take ba. Ba zan rubuta sunanka ba."

"Yallaɓai, ni alwala nake yi," in ji mai siminti.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Ofisa, yau duk layin nan makafi ne!" Aka kwashe da dariya.

Bahijja ta ga lambar, har ta haddace ta. Amma a gidansu ba a manta ranar da Kawu Kailani ya je ba da shaida da ƙafarsa ba. Kwana uku ya yi a tsare, ya fito kunnensa ɗaya ba ya ji.

Dattijon ya iso ƙofar shagon, ya cire hula.

"'Yata, ke fa?"

Ta yarda da shi, har cikin ranta. Sai dai ba shi kaɗai ba ne a caji ofis.

"Ban gani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba, ya yi mata godiya, ya nufi shago na gaba.