Kamila, Ba Wuƙar Likita Ce Ta Kashe Ki Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, 17 ga Satumba, 2025, wa'adin ƙanwata Dakta Kamila Bunu ya cika a gidan mahaifinmu da ke Haɗeja, bayan doguwar jinyar sankarar mama wadda ta bi jini ta sauka a hanta. An sallace ta bayan azahar. Kogi ya cika ya batse a makon, 'yan'uwanmu na wajen Baturiya sai kwalekwale suka biyo, wasunsu ba su samu jana'iza ba.

Kamila, yayarki Safara'u ce. Ba don yabo kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Wata magana na ji a zaman makoki ta hana ni sukuni. Mata sun yi ta faɗa, suna girgiza kai, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, wai da ba a yanka ki ba da yanzu kina raye. Autarmu Zara tana zaune tana ji, ita da ke ɗauke da ƙululu a nono tun kafin damina, wanda kika yi ta roƙonta ta kai asibiti. Raina ya ɓaci matuƙa, amma gidan mutuwa ba wurin musu ba ne, na haɗiye.

Kin san yadda muka rasa Innarmu. Idanunta suka yi ɗorawa, cikinta ya kumbura, kowa ya ce shawara ce. Babu saiwar da ba a jiƙa mata ba. Sai a wurin wankan gawa muka ga gyambon nonon da ta ɓoye ƙarƙashin zane, saboda kunyar 'ya'yan cikinta. Kina sakandare a lokacin. Ba ki yi kuka a gaban mutane ba, tambaya ɗaya kika riƙe har girmanki: me ya haɗa nono da hanta?

Tambayar nan ce ta kai ki jami'a, ta zaunar da ke a ɗakin bincike da fararen ɓeraye. Kina sa musu ƙwayoyin cutar, ki jira makonni, sannan ki duba hantarsu ki ga yadda ciwon ya sami gindin zama, da abin da zai iya tare masa hanya. A gida kuwa kin sha tsiya. Kakarmu Gana, Allah Ya jiƙanta, takan ce: “Oh ni! Mu muna ɗana musu tarko a rumbu, ja'ira tana kai musu abinci har da fanka. Wannan wane irin kiwo ne, ba nono ba nama?” Ke kuma ki ce, “Kaka, kishi kike yi don sun fi ki haƙora.” Amma ni na san kashe su ba ya yi miki daɗi. Sai da kika je wurin malami kika tambayi hukunci, kuma ba kya taɓa ko ɗaya sai kin kashe masa zafi.

Ba ki da girman kan masu ilmi. Duk bikin da kika halarta sai kin ja mata ɗaki kin koya musu yadda za su shafa su duba kansu. In sun kasa ganewa ki kawo musu misalin kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Ki ce ana sare ta a nan, alhali irinta ya riga ya bi ruwa ya sami laka a gaba. Dabarar ita ce a tumɓuke ta tun ba ta yi iri ba. Matan da kika ɗauka a motarki zuwa asibitin Kano suna nan da ransu, har da wata mai sayar da bandar kifi wadda ta zo gaisuwa.

Naki ciwon ya zo kina goyo, aka ɗauka kumburin shayarwa ne, kafin a gane ya yi nisa. Aikin da aka yi miki shi ya ba ki shekarun da kika yaye Halimatus Sa'adiya, kika kai ta makaranta da hannunki. Ranar da hoton asibiti ya nuna tabo a hanta, ni na rushe da kuka, ke kika lallashe ni. Kika ce, “Yaya, na ga wannan hanyar a jikin ɓerayena, na san inda take ɓullewa. Ciwon ya riga wuƙa tafiya. Ki faɗa musu haka in ba na nan.” To ga shi na faɗa.

Bayan addu'ar bakwai na sami Zara tana haɗa kayan komawa gidanta a garin Malam Madori. Na ce mu wuce asibiti tukuna. Ta ce, “Yaya, Anti Kamila da take likita ma ina ta kai? Ki bar ni da jiƙona.” Na kama hannunta, ba ta fizge ba. Ta ɗora tafina a wurin, na ji ƙululun ya fi yadda yake kafin damina. Ranar Litinin zan je gidanta, kuma ba zan taso ba sai da ita.

Allah Ya jiƙanki, Kamila, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya sanya bincikenki cikin ilmin da ladansa ba ya yankewa. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinmu Malam Bunu, da mijinki Abdulmannan, da marainiyarki, da ɗalibanki. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ya Ubangiji, na wanke mahaifiyata, na wanke ƙanwata. Ka karkato da zuciyar Zara, kada ta zama ta uku.

Safara'u Bunu, Haɗeja