Baba Dakata da Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Ƙarfe bakwai yake isa maɗaba'a, ya feƙe fensir biyu, ya zauna a ɗan ɗakin da ke bayan injin, wanda ko taga babu. Shekara talatin da ɗaya aikinsa ke nan, duba shafukan littattafan makaranta kafin a buga. Ƙa'idar gidan, ba a tayar da injin sai ya sa hannu, shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa Baba Dakata. Ba sa kiransa cin abinci. Tun da matarsa ta rasu, shi kaɗai yake buɗe kwanonsa, shi kaɗai yake rufewa.

Mai kula da injin ya shaida abin da ya faru ranar wani littafin lissafi. Marubucin ya kawo miliyan ɗaya da ɗaya a matsayin lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da ita kanta. Baba ya karanta, ya ƙi sa hannu.

Manaja ya leƙo. "Baba, mota na jiran kaya. Me kuma ya faru?"

"Lambar nan, ban yarda da ita ba."

"Farfesa ne fa ya rubuta! Kai aji nawa ka yi?"

"Shida, ranka ya daɗe. An dai koya mana rabawa."

"To ƙarfe biyu in ba hujja ba sa hannu, ka nemi wani aikin."

Ya ja takarda. Ya raba da uku, da bakwai, da sha ɗaya, kowace ta bar saura. Masu ɗaurin littafi na wucewa suna dariya: "Baba, in ka kai miliyan ka tashe mu!" Ba wanda ya ja kujera ya taya shi. Tamanin da tara, saura. Casa'in da bakwai, saura. Ya ci gaba. A ɗari da ɗaya ta rabu tas, dubu tara da ɗari tara da ɗaya, ba ko ɗigo.

Aka gyara shafin. Farfesa ya bugo waya ya gode wa manaja. Baba ya ɗauki shafi na gaba.

Baba, kai ne ka tsare yara dubbai daga haddace kuskure, yaran da ko sun gamu da kai a hanya ba za su gaishe ka ba. Kai ne ka gwammace a tsane ka da a buga ƙarya.

Makon jiya ya ajiye aiki. Mutum biyu suka raka shi bakin ƙofa, ɗayan ma makulli ya zo karɓa. Abin kunya ne, kuma namu ne.

Mun gode, Baba, Allah ya saka maka. Ku kuma masu sa hannu a kan abin da ba ku karanta ba, don kawai babba ne ya rubuta: ku ja takarda, ku raba da kanku.