Gidan Wada Mai Goro a Bangon Aji

Madam Hadiyya tana koyar da 'yan aji biyar a wata ƙaramar makaranta da ke Zongo, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta iya zana taswira ba. In ta zana hanya a allo, yara su ce maciji ne. Shi ya sa da darasin taswirar unguwa ya matso, ta koma ga darussan kyauta na intanet. A can ta tarar da wani malami yana nuna yadda ake kallon gari daga sama, har a mayar da hoton shekarun baya.

Wannan ne ya tsaya mata a rai. A Zangouettin aka haife ta, unguwar da aka rushe tana budurwa, kuma ko hoto ɗaya na gidansu ba ta da shi. Takan yi mafarkinsa, amma kullum ƙofar sai ta sauya wuri.

Ranar darasin ta aro na'urar haska bango daga ofishin direkta, shugaban makarantar. Malamin bidiyon ya ce a rubuta adireshi, ita kuwa da gaskiyarta ta rubuta "gidan Wada mai goro", sunan da aka san gidansu da shi. Na'ura ta ce ba ta san shi ba. Abin ya yi mata zafi, domin a da ko baƙo daga tasha ya faɗi haka, sai an kai shi har zaure.

Sai ta bi yadda ƙafarta ta sani. Ta mayar da shekara baya, dogayen benaye suka ɓace, rufin kwano ya cika bango. Ta fara daga masallaci, ta yi yamma, ta wuce rumfar mai tsire, tana ƙirga lunguna a bayyane, yara na taya ta. A lungu na huɗu ta ga wani duhu-duhu a tsakar wani gida, ta gane mangwaron da babanta ya dasa.

"Ga shi nan," ta ce. "Nan ne zauren."

Can wata yarinya, Ilham, wadda aka koya wa ba a shiga gidan mutane haka kawai, ta ce, "Salamu alaikum."

Madam Hadiyya ta tsaya da alli a hannu tana jiran a amsa daga ciki. Da ta ji shiru, sai ta amsa da kanta.