Baba Labbo Mai Cigiyar Yara

Kafin motar farko ta tashi daga tashar Birnin Kebbi, Baba Labbo ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin dogonyaro, ya goge lasifikarsa da gefen riga, ya ajiye ƙullin ƙuliƙuli kusa da ƙafarsa. Ƙuliƙulin ba nasa ba ne, haƙoransa sun daɗe da yin murabus. Na yaran da suka ɓace ne. Cigiya ce aikinsa tun muna 'yan mata. Yanzu muryar ta fara dushewa, 'ya'yansa sun ce ya huta, don haka ya kamata iyaye mata su san wanda za su rasa.

Duk mai ƙarfin maƙogwaro zai iya cigiya. Inda Baba Labbo ya fi kowa shi ne sauraron bakin yaro. Ya ce yaro ba ya ƙarya a suna, tauna shi kawai yake yi: ya haɗiye farkonsa, "ra" da "la" su koma "ya". Shi ya sa ba ya kiran suna ɗaya. Zai juya abin da yaron ya faɗa a bakinsa, ya tattaro duk sunayen da ke maƙwabtaka da shi, ya kira su gaba ɗaya. Kuma yana da doka: ba ya miƙa yaro sai mai nema ta faɗi sunansa.

Bara, a bikin kamun kifi na Argungu, inda ake ɗaukarsa duk shekara, aka kawo masa wata 'yar yarinya tana kuka. Ya miƙa mata ƙuliƙuli.

"Jikata, mi as sunanki?"

"Yauye."

"Innarki fa?"

"Inna."

"To, Babanki mi yaka ce mata?"

"Ke!"

Baba Labbo ya dubi taron, ya ce in ya kira wannan, rabin matan jihar Kebbi za su taso. Da lallashi ya samo "Yayaba", yadda maƙwabta ke kiran uwar. Ya ɗaga lasifika: "Laraba! Balaraba! Larai! A zo a ga yarinya!"

Wadda ta fara zuwa wata tsohuwa ce, Laraba mai fura, tana tambayar wa ya mai da sunanta tallan gyaɗa. Sai ga wani masunci, Balarabe, jiƙe sharkaf da gorarsa a hammata, ya zaci kifinsa ne ya zo na ɗaya. Can sai ga Balaraba, maƙwabciyata a Gwadangaji, takalmi ƙafa ɗaya. Tun hantsi take bin bakin gulbi tana leƙen ruwa. Yarinyar kuwa ta yi barci da ƙuliƙuli a hannu.

"Tawa ce, Baba!"

"Madalla. Mi as sunanta?"

Balaraba ta buɗe baki, ta rufe. 'Yar fari ce. Ko a ɗaka ba ta taɓa kiran sunanta ba, balle a gaban jama'ar Argungu.

"Wannan... yarinyag ga..."

"Uwad da ba ta san sunan ɗiyatta ba!" in ji mai fura. "Labbo, kira ɗan sanda!"

Baba Labbo ya dubi ƙafar da ba takalmi, ya ajiye lasifikar.

"Ɗiyata, ni za ni faɗi, ke ki ba ni amsa. Larai?"

"A'a."

"Lauratu?"

"A'a, Baba."

"Aminatu?"

"Haba, Baba!"

"Laure?"

Balaraba ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

"Na ji," in ji Baba Labbo. "Ɗauki abinki."

Mai furar ce ta ɗaura mata goyon, tana faɗa tana share hawaye.

Baba Labbo, kai ne kunnen iyaye mata. Kai ne ka tsare dokarka, ka kuma tsare wa yarinya kunyarta. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Samarin tasha, ku zauna kusa da tabarmar nan ku koya tun yana nan. Mu kuma mata, mu koya wa yaranmu sunanmu da na unguwarmu kafin mu shiga taro da su.

Laure yanzu tana faɗin sunanta tsaf, har da na unguwa. Uwarta dai ba ta faɗe shi ba har yau. Jiya na ji ta ta katanga tana kiranta cin tuwo: "Ke!"