Ranar da Na Goge Muryar Ƙanena

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar ƙanena Lawali. Zazzaɓi ne na kwana huɗu a tsakiyar damina, irin wanda ake cewa gobe zai miƙe, sai ga shi mun kai shi makwancinsa ana yayyafi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana ma ba kewa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, wani aiki ne da na yi da hannuna nake so in ajiye a gaban masu karatu.

Lawali mai gyaran waya ne a bakin tashar Dogon Dutsi, rumfarsa ba ta fi ta mai shayi girma ba. Amma ba a rumfa ya yi suna ba. Ya buɗe shafi a dandalin sada zumunta, kullum da safe yana saka saƙon murya na minti ɗaya ko biyu, yana koya wa mutane zama lafiya da wayarsu: kada ka ba kowa lambar da aka turo maka, kada ka latsa shuɗin rubutu don an ce ka ci kyauta, ga yadda za ka hana hotuna sauka da kansu su cinye maka forfe, wato datar da ka saya.

Da haka kawai ya tsaya, da ba mai sauraronsa sai ni, don ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, na saba da darasi marar gishiri. Shi kuwa kowane darasi sai ya ɗora shi a kan abokinsa Joɗi, wani makiyayi na wajen Ɗan Kassari. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, wasa tsakaninmu gado ne, kuma Lawali ya ci gadon nan har da suɗe kwano. Yau ya ce Joɗi ya sa sunan saniyarsa lambar sirri, alhali duk wanda ke zuwa rijiya ya ji yana kiranta. Gobe ya ce an turo wa Joɗi cewa ya ci mota, ya latsa, yanzu shi da shafinsa sun rabu kamar nono da mai. Mutane su yi dariya, su je su canza lambarsu. Joɗi bai taɓa yin ko ɗaya daga ciki ba.

A zaman makoki wani kawunmu ya yi nasiha. Ya ce abin da mutum ya bari ana amfani da shi yana bin sa kabari, alheri ne ko akasinsa, kuma ƙarya ƙarya ce ko da wasa aka yi ta. Bai ambaci suna ba, amma Inna tana bayan zana tana ji. Ranar sadakar arba'in ta kira ni. Ni ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunana.

"Malam, ka goge shi duka," ta ce. "Ba ni son ɗana shina kwance ana ƙara mai kaya."

Lambar sirrin tana hannuna, don Lawali yakan ce a ba amintacce ɗaya, shi kuwa ni ya ba. Ban yi gardama ba. Na rufe shafin, na wanke wayarsa tas, na bi tawa da ta 'yan gida na share. Goge allo sana'ata ce, ban ji wani nauyi ba. A duk wannan shawara, ba wanda ya tuna ya tambayi mutumin da aka ce an yi wa ƙaryar.

Nakan tambayi kaina me Lawali zai ce da zai leƙo yau. Yanzu na'ura na kwaikwayon muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Masu ba da shawara sun fi masu waya yawa, kowa da shafinsa, rabinsu su ne ɓarayin. Ina jin zai sami aiki har ya gaji. Abin da ban sani ba shi ne ko wasansa zai sha a wannan zamani. Magana zarar bunu ce, saƙon da aka yi don mutanenmu na Matankari yakan kwana a garin da ba su san Ba'are na wasa da Bafillace ba, su ji shi a matsayin zagi. Wataƙila da ya canza salo, wataƙila da ya ja wa kansa. Ban mai da shi waliyyi don ya mutu ba, mutum ne mai taurin kai da son a ce ya iya.

Bana idanun Inna suka yi rauni, hotonsa da ke jikin bango bai ƙara yi mata amfani ba. Wata safiya ina gaishe ta, ta ce, "Malam, muryatai ta hwara ɓace min. Ba abin da yar rage?"

Na ce babu, na goge kamar yadda ta ce. A nan ne, bayan shekara biyar, na ji ciwon abin da na yi, ciwo sosai.

Ranar kasuwar Ɗan Kassari na hau babur na sami Joɗi a wajen shanu. Ya yi furfura a gemu. Da ya gan ni ya ce, "Ba'are, mi yak kawo ka wurin iyayengijinka?" Na faɗa masa komai, har da nasihar kawu. Sai ya ce:

"Wa yac ce an zalunce ni? An tambaye ni? Da Lawali ya kwana bakwai bai yi min ƙarya ba, ni zan kai ƙara wurin Inna in ce ya yanke zumunta."

Ya ciro wata tsohuwar waya daga aljihu, ɗaure da roba. Ɗan katin ajiyar da ke cikinta ya ratsa wayoyi uku, kuma duk saƙon da aka ambaci sunansa yana ciki. Ya ƙi ba ni katin. Ya raka ni rumfar masu caji aka kwafa mini, yana tsaye a kanmu har aka gama.

Ban san hukuncin da ke kan wasan Lawali ba, wannan na malamai ne, kuma ban raina tsoron da ya sa Inna ta ba da umarni ba. Abin da na gani shi ne shafin da ya yi alfahari da shi ya tafi cikin minti biyar, darussan ma da yawa zamani ya wuce su. Abin da ya saura yana wurin wanda aka yi wa dariya.

Washegari da hantsi na kunna wa Inna saƙon saniyar nan. Muryar ta fito da ƙarar tasha a bayanta, yana magana yana danne dariyarsa. Inna ta saurara har ƙarshe, dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen zane. Sai ta ɗaga hannuwa.

"Allah, in da laihi cikin dariyag ga, ka rubuta shi bisa kaina, ba bisa nai ba."

Ta sauke hannu ta ce in sake kunnawa.