Mutumin Da Ke Zama Sau Ɗari Huɗu A Rana

Idan aka ce maka akwai mutumin da yake zama sau ɗari huɗu a rana kuma har yau bai huta ba, kada ka yi gardama. Yana nan a unguwarmu, gida na uku bayan famfo, inda za ka ga fararen kujerun roba an jibge sun fi katanga tsawo. Mai Kujeru ake ce masa. Sunansa na yanka yana katin asibiti, can ya bar shi.

Hayar kujeru yake bayarwa, kuma ba shi kaɗai ke wannan sana'a a birnin ba. Abin da ya raba shi da sauran ya faru ne shekara ashirin da biyu da suka wuce, a taron ba da kyaututtuka na wata makaranta. Shugabar makarantar, mace mai cikar jiki da cikar kamala, ta gama jawabi ta koma ta zauna, sai kujerar ta ce ba da ita ba. Baiwar Allah ta tafi ƙasa, takalmi ɗaya ya yi gabas. Ba ta ji ciwo ba, amma yara ɗari uku sun gani. Tun daga ranar Mai Kujeru ya yi wa kansa doka: babu kujerar da za ta karɓi baƙo sai shi ya fara zama a kanta.

Ga yadda yake yi. In an gama jerawa, sai ya kama layi daga farko. Ya zauna, ya jingina, ya ɗan murguɗa hagu da dama yana kasa kunne, ya tashi, ya faɗa ta gaba. Numfashi ɗaya kowace kujera. Wadda ta yi masa ƙara, sai ya kifa ta gefe.

Direban motarsa ƙanin matarsa ne, wani dogo mai furfura a gemu da ake kira Sai-Gobe. Ya sha ce masa, "Yaya, ka riƙa bubbuga su da hannu mana, ai duk ɗaya ne."

"Da hannu baƙon yake zama?"

Sauran watanni abin da sauƙi. Amma da hutun ƙarshen shekara ya kama, sai birnin ya zama kamar an yi masa allurar taro. 'Yan fansho su yi walima, tsofaffin ɗalibai su haɗu su ƙirga tumbin juna, a yi tseren yara cikin buhu a wannan fili, a yi baje kolin furanni a wancan, unguwanni su kara a ƙwallo. Kowa yana son kujera, kuma kowa ƙarfe tara na safe yake so. Mai Kujeru yakan zo kafin a fara, ya dawo bayan an watse. Tsakiyar taro kuwa bai san kamarta ba. Wanda ya ci kofi ma a kujeru yake ganewa: ɓangaren da aka bar su a jere, su suka yi nasara, inda ya tsinto su a cikin kwata kuwa ba sai an faɗa masa ba.

Bana ya cika hamsin da takwas. Gwiwoyinsa sun fara kukan da in kujera ce ta yi, da tuni ya kifa ta gefe. Da yamma yakan shigo gida yana tafiya kamar mai tsallaka rafi, ya ci abinci a tsaye a bakin ƙofar kicin, wai in ya zauna tashin ne aiki.

Matarsa ba ta yi boko tana yarinya ba. Da autarsu ta tafi jami'a, gidan ya yi mata faɗi, sai ta shiga ajin manya da ake yi a ɗakin karatu na unguwa. Tun daga lokacin ya laƙaba mata Ɗaliba. Shekara biyu tana fama da fensir, harshe a waje, tabarau a kan hanci. A wannan hutun aka sa bikin kammala ajinsu, Asabar ƙarfe huɗu a filin unguwa, kuma ita aka zaɓa ta karanta shafi guda da ta rubuta da hannunta. Sati biyu tana rufe ƙofar kicin tana bita ƙasa-ƙasa. Ko kalma ɗaya ba ta bari ya ji ba.

Da safiyar Asabar ɗin, yana ɗaure gwiwa da bandeji, ta tsaya a kansa.

"Maigida, abu ɗaya nake roƙo."

"Faɗi, Ɗaliba, in dai ba jarrabawa za ki yi min ba."

"Yau ka zauna."

"Ni da nake zama sau ɗari huɗu?"

"Ba wannan zaman na kaza a kan garwashi ba. Layin gaba, kujera ɗaya, tun daga farko har in gama. Ba na son in ɗaga ido in hango ka can baya jikin mota kana kallon agogo. Shekara talatin ina jin labarin kujerunka. Yau kai za ka ji nawa."

Ya ce, "An gama." Har da dafa ƙirji.

Ranar kuwa kamar ta ji alkawarin. Walimar 'yan fansho tana can ƙarshen gari, kujera ɗari da hamsin, hawa na biyu, lif ya mutu. Daga nan suka wuce bayan gari wajen tseren yara, ɗari biyu, a kan ciyawar da aka yi wa ban-ruwa da asuba, ƙafafun kujeru suna nutsewa. A hanyar dawowa suka faɗa gosulo, don an rufe babban titi 'yan kekuna suna gasa. Awa ɗaya da rabi suna shaƙar hayaƙin wata bas. Ƙarfe uku da kwata suka iso filin unguwa, suka jera ɗari da ashirin ƙarƙashin rumfa.

Sai-Gobe ya ce, "Yaya, na yau dai a yafe gwajin. Dubi yadda ƙafarka ke rawa."

"A taron yayarka? So kake ta faɗi da takarda a hannu?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. Ya kifa uku. Sannan ya wanke fuska a famfo, ya zura rigar da Ɗaliba ta aiko masa a leda, ya nufi layin gaba inda ta ajiye masa wuri da jakarta.

Ya zauna. Ya jingina, ya murguɗa hagu da dama, ya tashi, ya faɗa ta gaba. Sai da ya ji wani tsohon tela da ke kusa da shi ya ce, "Kai, bawan Allah, cinyata ce!" sannan ya gane abin da jikinsa ya aikata ba da shawararsa ba. Layi biyu suka kwashe da dariya. Daga kan dandamali, cikin 'yan ajinta, Ɗaliba ta leƙo shi ta saman tabarau. Ya koma kujerarsa sumui-sumui, ya riƙe hannuwan kujerar biyu gam kamar wanda ya hau jirgi.

Shugaban ƙungiyar unguwa ya karɓi lasifika ya ce ba zai tsawaita ba. Ya fara da tarihin ɗakin karatun tun yana gareji. Iska tana shigowa ta gefen rumfa. Minti biyar, minti goma, Mai Kujeru yana zaune wuri ɗaya. Bayansa ya sami makwanci a jikin robar, gwiwoyin suka yi shiru karon farko cikin sati uku. A ransa ya ce, ashe haka mutane suke ji. Ashe abin da nake ba su ke nan. Ya yi niyyar ya lumshe ido ɗaya kawai.

Lokacin da aka kira Ɗaliba, ta miƙe, ta gyara tabarau, takardarta a hannu. Ta matso bakin lasifika ta karanta layin farko, a hankali, kalma-kalma:

"Ni ce matar mutumin da kuke zaune a kan kujerunsa."

Filin gaba ɗaya ya juya neman mutumin. Ga shi nan a layin gaba, kai ya karkace, baki a buɗe, hula ta zamo kan ido, yana jan wani munshari mai ladabi.

Dariya ta fara tasowa. Sai-Gobe ya taho da sauri zai taɓa shi. Ɗaliba ta girgiza masa kai. Ta daɗe tana kallon mijin nata, har malamarsu ta ɗauka layin ne ya ɓace mata. Sannan ta ja da baya taku biyu daga lasifikar, ta ci gaba da karatu da muryar da take bita a kicin.

"Ba ma ji!" in ji wani daga baya.

Ba ta ɗaga murya ba. Layi uku na gaba ne kaɗai suka ji shafin, kuma tsohon tela ya ce ya isa a ji.

Tafi ne ya tashe shi. Ya zabura, ya miƙe, ya ɗaga kujerar da yake kai ya ɗora a kan wata da ba kowa a kanta, yana cewa, "Sai-Gobe, kawo mota!" Sai ya ga mutane a zaune. Sai ya ga matarsa tana saukowa daga dandamali da takarda a ninke.

Aka watse. Rana ta yi sanyi, fili ya koma na ledoji da robobin ruwa. Sai-Gobe ya ja mota can nesa, ya sami abin dubawa a cikin injin. Ɗaliba tana zaune a layin gaba ita kaɗai, ta cire takalmi. Mai Kujeru ya matso yana murza hula.

"Jawabi ya yi kyau."

"Me na ce?"

"Kin yi... godiya."

"Wa na gode wa?"

"Malamai. Da hukuma."

"Ko sau ɗaya ban ambaci hukuma ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ɗaliba, na ci amana. Na zauna kamar yadda kika ce, wallahi na zauna. Jikin ne ya yi min fashi."

"Na gani. Kowa ma ya gani." Ta murza yatsun ƙafarta. "Haushi na ji. Sai kuma na tuna rabon da in ga bakinka a buɗe haka tun hutun bara."

"To yanzu shi ke nan? Ya wuce ni?"

Ta dube shi, ta dubi kujeru ɗari da sha bakwai da ke jiran a tara su, ta dubi ƙaninta da ya kusa shigewa cikin injin. Ta warware takardar, ta laluba tabarau a jaka.

"Shafi ɗaya ne. Zauna."

"A'a." Ya gyara tsayuwa a gabanta, ya haɗa hannuwa a baya kamar ɗan firamare, gwiwar hagu ta yi ƙara. "In na zauna kin san sauran. Karanta, ina tsaye."