Ɗakin da Baba Saje Ya Hana a Share

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Saje Umaru mai ritaya, wanda mutanen Zungeru suka sani da Baba Saje, ni kuma nake kira angona saboda wasan jika da kaka. Ina 'yar shekara goma sha biyu ya bar mu. Yau ina sakandare a nan Minna, na yi tsawon da zan sauko da hularsa daga kan ƙusa ba sai na taka turmi ba, amma babu mai biyo ni da sanda.

Da ya dawo daga yaƙin Bama, gadi aka ba shi na wani tsohon ɗakin ajiye makamai a kangon barikin sojan Turawa. Gadi kawai. To amma an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Zaman kangon nan ya mai da shi mai tsince-tsince. Duk abin da ruwan damina ya tono ko garma ta juyo, yana wurinsa: maɓallan kakin soja, kwanson harsashi, kwalaben magani, tsingaron tukwanen Gwari, kashin ƙarfe na maƙeran da. Ni a ganina har gyatsar wani kyaftin ya ajiye, sai dai bai nuna mini ba.

Abin mamakin shi ne yadda yake ajiyar. Babu kanta, babu akwati. Da farar ƙasa ya zana garin gaba ɗaya a daɓen wani ɗaki a gidansa: kogin Kaduna ta jikin bango, layin dogo ya ratsa tsakiya, ga filin fareti, ga maƙabartar Turawa. Kowane abu yana zaune daidai wurin da aka tsince shi. Wanda aka samu a sarari ya ɗora shi kan bulo biyu, wanda aka ɗan tona kan bulo ɗaya, wanda ya fito daga can ƙarƙashi kuwa a kan daɓe. In ka tsuguna a bakin ƙofa, kana ganin ina, kana kuma ganin wa ya riga wa. Turawan da suka cika garin da bigila suna can sama a kan bulo, masu tukwane suna ƙasa shiru, sun riga kowa zuwa.

Saboda haka tsintsiya ba ta shiga. Kakata kuwa, Inna Hassana, mace ce da in inuwarka ta daɗe a tsakar gidanta sai ta share ta.

“Saje, wannan ɗaki ne ko juji?”

“Hassana, ranar da kika share nan, kin share Zungeru.”

Ni kaɗai yake bari in shiga, don a cewarsa ƙafata ba ta fi ta fara ba. Sai in je in tsaya da gangan a jikin bango, ya yi ta salati: “Amarya, fito daga kogi kafin kada ya mai da ni gwauro!”

Ranar sadakar uku mutane suka yi yawa. Wasu maƙwabta, don alheri, suka ga ɗaki a buɗe, suka ce bari su gyara a shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Sun share kusurwar gabas tas, sun tattara kayan cikin kwando, maɓalli da maɓalli, tsingaro da tsingaro, kafin Inna Hassana ta ji ƙarar tsintsiya. Matar da ta shekara ashirin tana zagin ɗakin nan ita ta tsaya a ƙofa, da takabarta, ta ce kowa ya fita. Ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Amma kwaɗo ba ya hana gara. Bana ta cinye azarar rufin, ruwan bara ya riga ya wanke rabin layin dogo, kowa ya san in damina ta sake sauka a kan daɓen nan, zanen ya tafi, kayan kuma sun zama tarkace. Da hutun da ya wuce hukuma ta turo wata jami'ar kayan tarihi, Malama Rahila, 'yar wajen Paiko, ta kwashe su zuwa ɗaki mai rufin kwano. Inna ta aiko a sa ni a jirgin ƙasa, don ni ce na san abin da kowane layi yake nufi.

Na yi zaton zan tarar da mai takalmi ƙwas-ƙwas da babban buhu. Sai na ga ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta tsuguna, ta bi zanen da ido layi-layi. Daga nan ta ɗauki hoton daɓen. Ba ta ɗaga ko maɓalli ɗaya ba sai ta tambaye ni wurin, ta ƙirga bulon, ta rubuta a ɗan kati ta ɗaura masa da zare. Na yi surutu a makon nan har muƙamuƙina ya nemi hutu.

Akwai wani baƙin dutse mai santsi da angona ke cewa gatarin aradu ne, tsawa ce ta jefo shi. Malama Rahila ta aza mini shi a tafin hannu ta ce a'a, mutum ne ya wasa shi, tun ba a san ƙarfe ba, a nan bakin kogin da muke wanki. Da angona na nan, da ya yi musu har magariba, sannan ya kwana yana murna, don duk kuskurensa a kan sama, bai yi kuskuren ƙasa ba: a kan daɓe ya ajiye shi.

Kwandon nan ne ya gagare mu. A cikinsa akwai ɗan kan mutum na yumɓu, bai fi lemun tsami ba, da idanu a buɗe. Na rufe ido, na buɗe, na kasa tuna inda yake zaune. Na so in ƙaga, kun san ni. Ta ce, “Ƙanwata, in ba ki sani ba, ba ki sani ba.” Haka ta rubuta a katinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Motoci sun koma hannun dama, samarin soja sun dawo daga yaƙinmu na gida ba sa son ba da labari, kangon barikin kuma ana ta kwashe bulonsa ana gina kicin. Ina jin zai ce a bi a hankali, mu ma wata rana a ƙarƙashin wani za a same mu.

Zanensa dai ya tafi. Da muka gama, Inna Hassana da kanta ta share ɗakin, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Muna ɗaure kwali na ƙarshe sai ga wata tsohuwa Bagwariya da fartanya a kafaɗa, ta ce ta ga bakin tukunya a gonarta. Malama Rahila ta miƙa hannu ta ce ina yake. Tsohuwar ta dube ta kamar ta ce a sayar mata da kogi.

“Ɗauka? Saje ya hana. Na kife masa kwano, na aza dutse. Ku taso ku gani a wurinsa.”

Muka sa takalma muka bi ta. Allah ya jiƙanka, angona, ya sa kana kyakkyawan wuri.